Dalma a Bakin Rijiya: Garejin Gyaran Ababen Hawa da Gurɓatar Ƙasa da Ruwa a Kete Krachi, Salaga, Yendi da Bawku

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙarafa masu guba, musamman dalma da kadmiyum, ke taruwa a filayen da ake gyaran motoci da babura da injinan jiragen ruwa a garuruwa huɗu na gabashi da arewacin Ghana, da hanyoyin da suke bi har su isa rijiya da cikin mutum. Hujjar da ta kafa ita ce, a irin ƙasar waɗannan garuruwa, ruwan can ƙasa mai zurfi da burtsatse ke zuƙowa ya fi samun kariya. Gubar tana saman ƙasa inda yara ke wasa, da cikin rijiyar gida marar zurfi wadda ruwan sama ke shiga ta bakinta. Mai binciken da ya auna burtsatse kaɗai ya ce lafiya lau, ya taɓa inda ba nan ciwon yake ba. Maƙalar ta kuma nuna cewa tsohon batir ya fi baƙin mai ɓarna, ko da yake baƙin man ne ido ke fara gani.

1. Yadda gareji ya zama maƙwabcin rijiya



An san Salaga da goro da bayi da rijiyoyi. Cinikin bayi ya mutu, goro ya sauya hanya, rijiyoyin kuwa suna nan. Sa'ad da Bafaranshen nan Binger ya sauka garin a 1888, gari ya tarar mai cike da ramukan ruwa, kuma har gobe akwai wurin da ake kira Wankan Bawa, sunan da fatake Hausawa suka bari. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, fatake da malamai da yawa suka gangara Kete, daura da garin Krachi, inda Jamusawa suka kafa bariki a 1894. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya haɗiye tsohon garin, aka mayar da mutanensa tudu tare da sauran mutum kusan 80,000 da aikin ya raba da gidajensu.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne, zango tun asalinsa masaukin ayari ne. Inda aka ɗaure jakuna jiya, nan tasha take yau, kuma duk inda aka yi tasha sai makanike ya kafa rumfa. A Ghana fita ake ce masa. Ba wanda ya zauna ya tsara cewa garejin fita zai jingina da katangar gida, ko ya haɗa kwata da makarantar allo. Shi ya fara zama a bakin gari, garin ya girma ya kewaye shi, aka haƙa rijiyoyi a gidajen da suka biyo baya.

Aiki kuwa ba ya yanke masa. Yendi da Bawku suna kan babbar hanyar gabas mai lamba N2, wadda ta taso daga Tema ta ƙare a Kulungugu, bakin iyakar Burkina Faso. Salaga tana tsakanin Tamale da mashigin Makango, inda ake haye tafki zuwa Yeji. Kete Krachi garin doya ne da kifi, don haka bayan manyan motoci akwai injinan kwalekwale. A Bawku babur da keke mai ƙafa uku sun zama ƙafar kowa. Hanya marar kyau tana cin mota, mota mai ciwo kuma tana zubar da mai.

Idan aka yi zancen wannan matsala a Ghana, wurare biyu ake ambata: unguwar makanikai ta Suame Magazine a Kumasi, da filin tarkace na Agbogbloshie a Akra. A 2013 ƙungiyar Blacksmith Institute ta sa Agbogbloshie cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya, ta ruwaito samfurin ƙasar da dalmar cikinsa ta kai miligiram 18,125 a kowane kilo, alhali ma'aunin da Amurka ke bi a lokacin don filin wasan yara 400 ne. An rushe wurin a watan Yulin 2021. Garuruwanmu huɗu ba su da abu mai wannan girma. Abin da suke da shi ƙananan gareji ne na masta ɗaya da yara biyar ko shida, a warwatse cikin unguwa. Gubar ba ta kai ta Akra yawa ba, amma tazarar da ke tsakaninta da tukunyar miya taku kaɗan ne.

2. Abin da ke zuba a ƙasa

Wanda ya tsaya bakin gareji da hantsi zai gani da idonsa. An kawo motar ɗaukar doya, yaro ya shige ƙarƙashinta da sifana, ya kwance noti, ya tara rabin jarkar da aka yanke. Jarkar ta cika man bai ƙare ba, sauran ya bi ƙasa. Matatar man da aka cire an wurga ta gindin darbejiya, tana tsiyaya har la'asar. Wani yaron yana wanke kafireta da fetur a kwano, in ya gama ya watsa a kwata. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar kwalta, ko tsinken ciyawa babu. Da azahar masta ya cuɗa hannu da fetur da yashi, ya ɗauraye da ruwan buta, ya jawo kwanon wake da shinkafa.

Man inji yana shiga mota da tutiya a cikinsa, domin masu haɗa shi da gangan suke zuba ta don rage gogayya. Kafin ya fito ya kwashi garin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da dalma da kuromiyum da nikel, duk abin da sassan injin suka goge. A da fetur ma da dalmarsa yake zuwa. Taron Dakar na 2001 ne ya sa wa ƙasashen Afirka kudu da Sahara wa'adin daina sayar da irin wannan fetur, aka cika wa'adin a farkon 2006, duniya kuma ta rabu da shi gaba ɗaya a 2021 bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Sai dai dalma ba ta ruɓewa. Garejin da ya haura shekara 20 a wuri ɗaya yana zaune ne a kan ajiyar wancan zamani.

A wurinmu baƙin mai ba shara ba ne, haja ce. Ana shafa wa katakon rufi saboda gara, ana shafa wa abin buga bulo, ana ɗura wa injin yankan katako, ana yayyafawa a ƙofar shago don kwantar da ƙura, wasu har akuya mai ƙazwa suke shafa wa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne zuba shi a masai don kashe wari da sauro. Mai yin haka ya ɗauki gubar da hannunsa ya tsallake da ita saman ƙasar da za ta riƙe ta, ya ajiye ta mita uku ko huɗu a ƙasa, kusa da ruwan da rijiyar gidan ke sha.

Duk da haka, wanda ya tsaya kan baƙin mai ya bar jaki yana dukan taiki. Kusan kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin batirin mota dalma ce zalla ko gaurayenta. Ruwan cikinsa asid ne na farar wuta, wajen kashi ɗaya cikin uku. Zafin ƙasarmu yana rage wa batir kwana, ga kuma batiran sola da suka shiga ƙauyuka da tsibiran tafki inda wutar lantarki ba ta kai ba. In batir ya mutu, mai caji zai iya fasa shi ya sauya masa faranti. In ya gagara, 'yan kondem, wato masu sayen tarkace, su saya. A nan ɓarnar take. Da nauyi ake cinikin tsohon batir, mai saye ba ya biyan kuɗin ruwa, direba kuma ba ya son asid ya cinye masa bodin mota. Saboda haka kafin a loda sai a huda shi a tsiyaye a ƙasa. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro da bai wuce shekara 12 ba yana wannan aiki da ƙusa da guduma, ba takalmi a ƙafarsa, ƙasar tana tafasa tana kumfa, a ƙarshe wata laka mai ruwan toka ta biyo ruwan. Wannan lakar garin dalma ce. Ƙarfen ya tafi masana'antun narkarwa da ke kewayen Tema, asid da lakar sun zauna a unguwa.

Wata dalmar ma ba ta barin gari. Tana narkewa a zafin digiri 327, abin da wutar gawayi da gwangwani suka isa su yi. Masu liƙin lagireto suna buƙatarta, masunta kuma suna zuba ta su yi nauyin da ke nutsar da taru. Hayaƙin ya shiga huhun mai narkarwa, tokar da ta rage a share ta a zuba bayan rumfa.

Sauran hanyoyin a taƙaice: fentin mota, musamman rawaya da ja, wanda wasu irinsa da dalma da kuromiyum ake haɗa shi, ƙurar birki mai jan ƙarfe, tartsatsin walda, tayar da ake ƙonawa don cire waya ko don babbake fata a mahauta, mai barin tutiya da kadmiyum a toka. Akwai kuma tarkacen sanholo na inji da ake sayar wa masu zubin tukwane, su narke su yi tukunyar da mutanen kudu ke kira dadesen. Ta wannan hanya gareji yana shiga madafa ba tare da ya bi ta rijiya ba.

3. Tafiyar guba a ƙasa da ruwa

Kete Krachi da Salaga da Yendi suna zaune a kan kwarin duwatsun Volta, wato shimfiɗun dutsen yashi da na laka da suka hau kan juna. Ruwan irin wannan dutse kaɗan ne, a tsaga yake zama, shi ya sa ake yawan haƙa burtsatse a yankin a tashi a tutar babu. Shi ya sa kuma mutanen Salaga na da suka dogara ga ramuka marasa zurfi a cikin marmara, masu tara abin da damina ta bari. Bawku dabam take. Tana kan tsohon dutse mai tauri, ruwanta yana kwance a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma fadamu, inda masu lambun albasa ke haƙa rijiyoyinsu.

Dalma ba ta son tafiya. Tana manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen ganye da tsatsar ƙarfen da ke sa ƙasarmu ja, don haka mafi yawanta a santimita 15 zuwa 20 na sama take tsayawa, ta shekara goma tana nan, ta shekara hamsin tana nan. Wannan albishir ne ga burtsatsen da ya nutsa mita 40 ko 60, aka sa masa bututu, aka toshe wuyansa da siminti yadda ya kamata. Ga yaron da ke rarrafe a wannan ƙasa kuwa, ba albishir ba ne. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana ɗaga wannan ƙurar ta sauke a kan garin da aka shanya da tsiren mai nama da tabarmar makaranta.

Riƙon da ƙasa ke yi wa ƙarafan ma yana da iyaka. In ƙasa ta yi tsami, ma'auninta na pH ya sauka ƙasa da 5.5, sai ta fara saki. Kadmiyum da tutiya da nikel su ke fara tafiya, dalma ta biyo a hankali. Ƙasar dajin savana dama ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa, samanta yashi ne, gobarar daji ta kowace shekara kuma tana cinye ɗan abin da zai ruɓe. Ba ta da ƙarfin shanye asid. Gurbin da ake tsiyaye batir a cikinsa shekara da shekaru ya zama ƙofa. Akwai wasu ƙofofin: tsagar da yumɓu ke yi da rani, hanyar gara, ramin masai, da tsohuwar rijiyar da ta ƙafe aka mayar da ita juji. Wannan ta ƙarshe ta fi dacewa a lura da ita a Salaga, garin da ramukansa suka fi ƙarfin ƙirga.

Amma a ganina babbar ƙofa ita ce bakin rijiyar kanta. Ruwan farko na Afrilu ko Mayu yana wanke ƙurar wata shida a dare ɗaya, ya bi kwata, ya malala tsakar gidajen da ke gangare. Rijiyar da ba ta da daɓen siminti, ko bakinta ya yi daidai da ƙasa, tana karɓar rabonta kai tsaye. Ko ba ruwan sama, guga da igiya a ƙasa suke kwana, gugan ma sau da yawa da tsohon tib na mota aka ɗinka shi. Dalmar da ta ƙi narkewa ta bi ta cikin ƙasa, sai ta hau bayan ƙwayar laka ta faɗa ta sama. Wanda ya sha ruwa mai laka ya sha ta, tsamin cikinsa kuma ya fi na kowace ƙasa, shi zai narkar da ita.

Kete Krachi tana da nata hali. Kusan kowane gangare na garin a tafki yake ƙarewa, tafkin kuma ba ya zama wuri ɗaya. A Akosombo ana tafiyar da shi ne tsakanin ƙafa 240 da 278, don haka bakin ruwa yana matsowa yana ja da baya. Masu gyaran injin kwalekwale a gaɓa suke aiki. Ruwa ya hau ya rufe inda suka zubar, ya janye ya bar laka mai danshi, manoma su bi ta da kuɓewa da tumatir da alayyafo. Gaskiya ne tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500 zai surka duk abin da gari ɗaya ya zuba masa. Lakar lungun da kwalekwale ke tsayawa ba ta surkuwa, a nan kuma mata ke ɗiban ruwa da wanki. Ganye irin su alayyafo da lalo suna cikin amfanin gonar da suka fi zuƙar kadmiyum.

Akwai abin da ya sa wannan guba ta fi ƙarfin dabarun da muka gada. Littattafan fiƙihun Malikiyya da muka tashi da su a zaure, daga Ahalari zuwa Risala, sun koya mana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukunci na tsarki yana nan daram, ba shi nake taɓawa ba. Abin da nake cewa, dalma a gwargwadon da take cutarwa ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa zai halatta a yi alwala da shi, ya kuma raunana ƙwaƙwalwar jariri. Haka nan yaƙin kurkunu, wanda Ghana ta ga mai cutar na ƙarshe a 2010 aka kuma tabbatar mata da rabuwa da ita a 2015, ya koya wa iyayenmu mata tace ruwa da ƙyalle da tafasa shi. Ƙyalle ba ya kama narkakkiyar dalma. Tafasawa kuwa ruwan take ragewa, ƙarfen ya zauna a tukunya.

4. Abin da take yi wa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a lita, kadmiyum 0.003, kuromiyum 0.05, nikel 0.07. Game da dalma ta faɗa a fili cewa babu gwargwadon da aka san ba ya cutarwa. Yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa daga dalmar da ya haɗiye, in yana fama da ƙarancin jini ko yunwa abin ya ƙaru. Tana taruwa a ƙashi da haƙori, mace ta yi ciki ta fito ta shiga jinin ɗan tayi. Kadmiyum ƙoda take nema, ta zauna shekara 10 zuwa 30 kafin rabinta ya fita. Ita ce ta haddasa ciwon ƙashin nan na itai-itai a bakin Kogin Jinzu na Japan, wanda gwamnatin ƙasar ta amince da asalinsa a 1968.

Bahaushe bai manta Zamfara ba, inda a 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wanda ya fi kama da batunmu shi ne na Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin Nuwamban 2007 da Maris na 2008. A can batir aka daɗe ana fasawa, sai dalma ta yi tsada, mata suka shiga tankaɗe ƙasar unguwa suna tsinto ta, suna kai buhunan cikin ɗaki.

Irin wannan mutuwa ba ita ce ta yau da kullum ba. Ta yau da kullum ba ta da kuka: yaro ne da karatu ke yi wa wuya, mai yawan ciwon ciki da fari da saurin fushi, a ce ƙuruciya ce ko shawara. Rahoton UNICEF da Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, dalmar jininsa ta kai maikirogiram 5 a desilita ko ta wuce. A Ghana, binciken da Hukumar Lafiya ta Ƙasa ta yi tare da waɗannan ƙungiyoyi biyu, aka bayyana a 2023, ya gwada yara sama da 3,000 a yankunan Akra da Ashanti da Arewa, fiye da rabinsu suka kai wannan mataki. Cikin abubuwan da aka zarga akwai fasa batir da tukwanen zubi da kwalli, wanda Dagomba ke kira chilo.

5. Tarkon da ke jiran mai aunawa

Ambaton kwalli ya kawo mu ga matsalar da ɗalibanmu suka fi faɗawa. Samun dalma a jinin yaron da ke maƙwabtaka da gareji bai tabbatar da laifin garejin ba, samunta a ruwa ma haka. A 2021 masu bincike daga Jami'ar North Carolina suka wallafa sakamakon gwajin fanfunan karkara 261 a Ghana da Mali da Nijar. Kashi 9 cikin 100 na samfuran sun wuce iyakar dalma, kuma sassan tagulla na fanfon kansa aka fi zargi. Saboda haka dole a ɗebi ruwan farko da ya kwana a bututu, a buga fanfon na ɗan lokaci, a sake ɗiba. In dalmar ta faɗi a na biyu, fanfon za a tuhuma. Baƙin ƙarfe da manganis suna iya zama na dutsen wurin. Takin zamani mai fosfet yana ɗauke da kadmiyum. A yankin Zebilla da ke yamma da Bawku ana haƙar zinariya, wadda ke da nata ƙarafan.

Tarko na biyu shi ne ma'aunin kwatance. Yawancin kundayen da ke zuwa hannuna suna lissafi da ma'aunin Müller na 1969 ko na Hakanson na 1980, su ɗauki matsakaicin dutsen laka na duniya da Turekian da Wedepohl suka fitar a 1961, mai dalma miligiram 20 a kilo, a matsayin ƙasa mai tsabta. Ƙasar Yendi ba matsakaicin duniya ba ce. Abin da ya dace shi ne a je gonar da ke sama da gari, mai irin dutse ɗaya, nesa da titi, a ɗebo abin kwatance daga can.

Sai zurfi da lokaci. Wanda ya haƙa santimita 30 ya gauraya ya auna, ya surka gubar da hannunsa. A ware santimita 5 na sama dabam, domin shi yaro ke ci, sannan a sauka mataki-mataki har mita ɗaya, musamman a gurbin batir. A bi kwata ana ɗiba a mita 10 da 25 da 50 da 100. Ruwan rijiya a ɗebe shi sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da kuma cikin mako guda bayan ruwan farko, a raba shi gida biyu, tatacce da wanda ba a tace ba. Ƙa'idar ɗakin gwaji ta tacewa da matatar maikiromita 0.45 tana da amfani ga mai nazarin dutse, amma uwar gida ba ta da wannan matata, da lakarsa take zubawa a randa. Na'urar hannu mai haska ƙasa ta faɗi ƙarfen cikinta za ta iya zagaye gareji 20 a yini, a tura kaɗan daga samfuran Cibiyar Binciken Ruwa a Tamale ko Hukumar Makamashin Nukiliya a Kwabenya don tabbatarwa. Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, dama tana tura ɗalibanta zama a ƙauyuka kowace shekara.

Kada kuma a shiga gareji da takarda da biro kamar an zo kamu. A fara da gaishe da sarkin zango da shugaban fitoci, a faɗa musu abin da za a auna, a yi alkawarin dawo musu da sakamako da Hausa ko Dagbani ko Kusaal. Su da yaransu ne suka fi kowa shaƙar abin.

6. Doka da abin da hannu zai iya

Ghana ba ta rasa doka ba. Tana cikin yarjejeniyar Basel ta 1989. Doka mai lamba 917 ta 2016 ta tsara yadda za a tafiyar da shara mai haɗari, Doka ta 1124 ta 2025 ta maye gurbinta da na ta 490 ta 1994 ta kuma ƙara wa hukumar kare muhalli iko, Doka ta 936 ta 2016 ta ba majalisun gundumomi hurumin tsara gari da ba da izinin sana'a. Amma rumfar kwano huɗu a bayan tasha ba ta cikin rajistar kowa sai ta mai karɓar haraji.

Maganin da aka fi rayawa shi ne a kwashe fitoci a kai su bayan gari. Ban yarda da shi a matsayin matakin farko ba. Mai mota ba ya tura matacciyar mota kilomita biyar, don haka fita zai dawo. In ma bai dawo ba, filin da ya bari shi ne mafi guba a unguwar, kuma shi za a yanka a sayar a gina gida ko makarantar rainon yara. Duk garejin da za a tayar, a kankare saman ƙasarsa ko a rufe shi da siminti kafin a ba kowa.

Abin da ya fi araha yana wurin rijiya: a ɗaga bakinta, a yi mata daɓe mai gangare da murfi, a rataye guga. Tazarar mita 30 da ma'aikatan tsabta ke nema tsakanin masai da rijiya, a nema ta tsakanin rijiya da wurin batir. A gareji kuma, daɓen siminti na wurin juye mai da durom mai murfi ba su fi ƙarfin ƙungiyar fitoci ba, tun da man da aka tara kuɗi ne. Limamai za su iya ɗaukar zancen zuba baƙin mai a masai a huɗuba guda.

Batir ne ba ya gyaruwa da wa'azi, domin lissafi ne ke sa a huda shi. Muddin ma'aunin da ke Tema busasshen batir yake biya, ɗan kondem na Salaga da ya kai nasa da ruwa ya yi asarar kuɗin mota a kan nauyin da ba a saya. Masana'antun da ke da lasisi su ke da wurin kashe kaifin asid, don haka su ya kamata hukuma ta ɗora wa sharaɗin karɓar batir a rufe, su biya shi da ruwansa, su rage farashin wanda aka huda. Majalisar gunduma kuma ta ware ɗaki ɗaya mai daɓe da inuwa kusa da tasha, inda za a tara har lodi ya cika. Tun a 2016 Doka ta 917 ta tanadi harajin muhalli a kan kayan lantarki da tayoyin da ake shigowa da su, da asusun da kuɗin ke shiga. Daga wannan asusu ya dace a biya bambancin kuɗin dakon daga Bawku ko Kete Krachi zuwa bakin teku.